Jagorar Bin Diddigin Yadda Haƙori Ke Kafuwa a Muƙamuƙin Ɗan Zomo

Haƙorin zomo ba ya daina tsiro muddin dabbar tana raye. Haƙoran gaba na sama suna ƙaruwa da kimanin milimita 2 a mako, na ƙasa kuma suna kaiwa milimita 2.4, sai gatsa da tauna su cinye abin da ya ƙaru. Saboda haka naman da ke ɗaure haƙori da ƙashin muƙamuƙi yana ɗauke da nauyi biyu a lokaci guda: dole ya riƙe haƙorin gam sa'ad da zomo ke datse ciyawa, kuma dole ya bar shi ya riƙa zamewa waje kowace rana ba tare da ya yi girgiɗi ba. A bakin ɗan Adam wannan ɗauri yakan kammala ginuwa bayan haƙori ya fito, daga nan sai gyare-gyare. A bakin zomo kuwa ginin ba ya ƙarewa, kuma duk wanda ya zauna gaban madubin ƙara girma da siffar haƙorin mutum a ransa, to zai karanta abin da ke gabansa a karkace.

An shirya wannan jagora ne domin ɗaliban likitancin dabbobi da na ilimin ƙirar jiki masu son bin wannan gini da idonsu, tun daga ranar haihuwa har bayan yaye, da kayan aikin da ake samu a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Mai kiwon zomaye ma zai sami abin ɗauka a matakan ƙarshe. Zomon gida ake nufi, wanda asalinsa daga yankin Sifen da Fotugal yake, ana kuma haifar 'ya'yansa ba gashi, ido a rufe, bayan ciki na kwana 31 ko kusa da haka. Zomon dajin ƙasarmu wani jinsi ne dabam da ake haifa da gashi da ido a buɗe, kuma lissafin kwanakin da za a kawo bai shafe shi ba.

Mataki na 1: A san bakin kafin a ɗauki aska

Babban zomo yana da haƙora 28. A sama akwai manyan haƙoran gaba 2, a bayansu kuma wasu ƙanana 2 a ɓoye, waɗanda su ne suka raba dangin zomo da dangin ɓera. A ƙasa na gaba 2 ne kacal. Babu fiƙa, sai wani fili mai faɗi, sannan turame 6 a kowane gefe a sama da 5 a kowane gefe a ƙasa. Kafin waɗannan akwai haƙoran nono 16, wato na gaba 6 da turame 10. Wasu daga cikin na gaban suna ɓacewa tun kafin haihuwa ko daf da ita, shi ya sa masu kiwo da yawa ba su san zomo yana famfara ba, amma turamen nono suna nan har wajen mako na 5.

Abin da ya sa ɗan zomo ya zama abin nazari mai daraja yana nan daidai wurin. Turamen nono suna da saiwa ta gaskiya, suna daina tsiro, daga baya jiki ya cinye saiwar su faɗi. Haƙoran dindindin kuwa ba su da saiwa ko kaɗan: abin da ke binne cikin ƙashi ci gaban jikin haƙorin ne, gindinsa a buɗe, yana jiran lokacin fitowarsa. Ke nan a muƙamuƙi ɗaya na ɗan mako 2 ko 3 za a iya ganin hanyoyi biyu na kafa haƙori a gefen juna. A riƙe wurare biyu kuma: haƙorin gaba na ƙasa yana lanƙwasawa cikin ƙashi har kusa da turmi na farko, gindin na sama kuma yana maƙwabtaka da magudanar hawaye.

Mataki na 2: A fahimci inda kowane sashe ya samo asali

Sassa huɗu ne suka haɗu suka riƙe haƙori: dasashi, simintin haƙori, jijiyar gurbi, da ƙashin gurbi. Simintin wani siririn lulluɓi ne mai tauri a jikin haƙori, jijiyar gurbi kuma tarin zaruruwan kolajin ce, wato furotin mai ƙarfi da jiki ke saƙa zare da shi, da ta cika ɗan tsukin da ke tsakanin haƙori da ƙashi. Haƙori bai zauna a kan ƙashi kai tsaye ba, a rataye yake cikin gurbinsa kamar ƙwarya a ragaya, ta yadda ƙarfin tauna da ke danna shi ƙasa yakan juye ya zama ja a kan zaruruwan.

Tun ɗan zomo yana cikin mahaifa tantanin da ya lulluɓe cikin baki yake yin kauri ya nutsa cikin naman muƙamuƙi, ya bi matakai uku da aka sa wa suna bisa siffarsu: toho, hula, da ƙararrawa. A matakin ƙararrawa ana iya rarrabe abu uku. Akwai sashen da zai samar da inamel, wato farin ɓawo mai tauri. Akwai dunƙulen ƙwayoyin halitta a ƙarƙashinsa, wanda zai zama dentin, wato sashe mai tauri da ke ƙarƙashin inamel, da ɓargon haƙori. Na uku shi ne jakar da ta kewaye su duka, wadda masana ke kira folikul, kuma ita ce uwar aikinmu, domin daga cikinta ake samun ƙwayoyi masu zuba siminti, da masu saƙa jijiyar gurbi, da masu gina bangon gurbi. Ten Cate da abokan aikinsa sun nuna haka a 1971 ta hanyar dasa tohon haƙorin ɓera a wani wuri a jiki, inda ya samar da siminti da jijiya da ƙashi. A 1980 kuma Cahill da Marks suka nuna a jikin karnuka cewa idan aka cire jakar, haƙori ba ya fitowa, saboda ita ce ke kiran ƙwayoyi masu cin ƙashi su buɗe hanya ta sama yayin da ake zuba sabon ƙashi ta ƙasa.

A haƙori mai saiwa, irin turmin nono, bayan an gama gina kan haƙori sai gefen sashen inamel ya miƙa ƙasa ya zama wani kube mai ƙwayoyi layi biyu, wanda ke ɗauke da sunan Oscar Hertwig da ya bayyana shi a 1874. Kuben shi ke tsara siffar saiwa, yana sa a zuba dentin ta ciki, sannan ya tsattsage, ƙwayoyin folikul su ratsa ta ƙofofin su taɓa dentin su fara zuba siminti. Guntattakin kuben da suka rage cikin jijiya su ake kira ragowar Malassez.

A turmin dindindin na zomo lamarin ya sha bamban. Madaukin ƙwayoyin da ke gindin haƙori ba ya rufewa, yana ta samar da inamel da dentin har abada, don haka mafi yawan abin da ke fuskantar ƙashi inamel ne, kuma zaren kolajin ba ya iya kama inamel tsirara. Mafitar da halitta ta samar ita ce a zuba siminti a bisa inamel ɗin kansa. Listgarten da Kamin sun bi wannan a turamen zomo a 1969: idan inamel ya nuna, tantanin da ke kare shi yakan janye, ƙwayoyin folikul su iso farfajiyarsa su lulluɓe ta da siminti, wanda kuma shi ne ke cike lanƙwasar inamel da ke ratsa tsakiyar turmi. A ganina ɗalibin da ya gane wannan batu ɗaya ya riga ya ci rabin aikin.

Zaruruwan jijiya suna bin tsari sananne. Da farko sako-sako suke, suna kwance a tsawon haƙori. Sai gajeru, sirara, masu yawa su fara tsirowa daga siminti, wasu masu kauri da tazara a tsakaninsu su tsiro daga ƙashi, su yi ta tsawo har su haɗu a tsakiya. Ƙarshen zaren da ya nutse cikin siminti ko ƙashi ya daskare a can shi ake kira zaren Sharpey. Damman zare ba sa yin kauri sosai sai haƙori ya gamu da abokinsa ya fara aiki. Mafi yawan kolajin ɗin nau'i na 1 ne, sai nau'i na 3, kuma jijiyar gurbi tana cikin wuraren da jiki ya fi saurin rushe kolajin da sake saƙa shi.

Mataki na 3: Zaɓen kwanaki da samun samfuri

Ba a fara komai sai da amincewar kwamitin kula da haƙƙin dabbobi na makaranta. Ƙa'idar da Russell da Burch suka shimfiɗa a 1959 ita ce a maye gurbin dabba da wani abu idan zai yiwu, a rage adadi, a kuma sauƙaƙa wahala. A kowace gonar zomaye ana asarar 'ya'ya a makonnin farko, wasu uwa ta danne su, wasu sanyi ya kashe su, kuma idan aka same su da wuri sun isa a koyi aiki da su ba tare da an kashe ko ɗaya ba. Sai dai a rubuta musabbabin mutuwar, domin ɗan da ya rame da yunwa ba zai zama ma'aunin lafiyayye ba. Idan bincike ya wajabta kashewa, likitan dabbobi ne zai yi ta da allurar barci mai yawa.

Ranar haihuwa tabbatacciya ta fi komai muhimmanci, saboda haka a nemi 'ya'yan daga wurin da ake rubuta ta, irin gonakin jami'o'i ko Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika a Zariya. Shawarata ita ce a ɗauki ranar haihuwa, da kwana 7, 14, 21, 28, 35, sannan mako 8 a matsayin abin kwatance. Dalili kuwa shi ne waɗannan ranaku sun yi daidai da sauye-sauyen rayuwar dabbar: ido yana buɗewa wajen kwana 10, ana fara ɗanɗana abinci mai tauri wajen mako na 3, famfara tana zuwa wajen mako na 5, yaye kuma tsakanin mako 4 da 6. Tsakanin kwana 14 da 28 ne nauyin da ke kan haƙori ke sauyawa daga tsotso zuwa niƙa, don haka wanda ke da halin ƙara ranaku, a nan ya kamata ya ƙara su. A auna nauyin kowane ɗa, a rubuta uwarsa da yawan 'yan'uwansa.

Mataki na 4: Adanawa da tausasa ƙashi

A cire muƙamuƙin ƙasa gaba ɗaya, a raba shi biyu ta tsakiya, a yanke tsokar da ta yi yawa amma kada a kankare dasashi, kuma kada hantsaki ya taɓa haƙori, domin ɗan girgiza kaɗan ya isa ya tsinka zaruruwan jariri. Nan take a jefa shi cikin fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 wanda aka daidaita tsaminsa, yawan ruwan ya ninka girman samfurin sau 10 zuwa 20, a bar shi awa 24 zuwa 48. A zafin ƙasarmu nama yana fara ruɓewa da sauri, jinkirin awa kaɗan yana iya ɓata ƙwayoyin gindin haƙori. Da fensir ake rubuta lambar samfuri a guntun kati a jefa cikin kwalbar, saboda tawadar biro tana narkewa cikin sinadaran da ke gaba. Fomalin yana cutar da ido da huhu, a sa safar hannu a kuma yi aiki inda iska ke shiga. In akwai hali a ɗauki hoton ƙashi na rabin muƙamuƙin kafin a ci gaba.

Daga nan sai cire kalsiyam domin aska ta iya ratsawa. Ruwan EDTA, wani sinadari mai janye kalsiyam, mai kashi 10 cikin 100, ma'aunin tsaminsa wajen 7.4, shi ne mafi aminci ga ƙwayoyi, ana sauya shi duk kwana 2 ko 3. Muƙamuƙin jariri yana laushi da wuri, na ɗan mako 8 kuwa yana cin makonni. Asid na fomik ya fi sauri, kuma ya wadatar idan siffar zare kawai ake nema, amma yana raunana gwajin da ake gano ƙwayoyi masu cin ƙashi da shi. Kada a soka allura don a ji ko ya yi laushi, ramin zai bayyana a gilashi daidai inda ake son dubawa. Idan asid aka yi amfani da shi, a ɗebi kaɗan daga ruwan da aka jiƙa samfurin a ciki a gwada shi da amoniyam okzalet, in ya yi fari-fari to da sauran kalsiyam, ko kuma a sake ɗaukar hoton ƙashi.

Mataki na 5: Yanka da rini

A wanke samfurin, a bi da shi cikin etanol daga kashi 70 har zuwa 100, sai zailin, sai kakin farafin mai narkewa tsakanin digiri 56 da 60. Yadda aka kwantar da shi cikin kakin shi ne zai yanke hukuncin sakamakon. A yanka rabi ɗaya bisa tsawon haƙori, ɗaya rabin kuma a gicciye. Haƙorin gaba a lanƙwashe yake, saboda haka yanka ɗaya ba zai bi tsakiyarsa daga gindi har baki ba, gara a raba shi gida uku tun kafin a zuba kaki. Kaurin yanka maikuromita 5 ne, a jere, ana lissafa kowane. A lokacin bazara kaki yana yin taushi ya riƙa naɗewa a bakin aska, maganinsa a kifa dunƙulen a kan ƙanƙara na ɗan lokaci kafin kowane zubi.

Hematoksilin da iyosin su ne na farko, don ganin ƙwayoyi. Rinin Masson yana fito da kolajin a launin shuɗi ko kore. Fikrosiriyas ja, idan aka duba shi da hasken da aka tace ta fuska ɗaya, yana sa zare ya yi ƙyalli, masu kauri ja ko ruwan lemo, sirara kuma kore. Ana yawan rubuta cewa ja nau'i na 1 ne, kore kuma nau'i na 3, amma launin yana bin kauri da cunkoson zare ne, kuma ban ga dalilin da zai sa ɗalibi ya ɗora hukuncin nau'i a kansa ba. Zaruruwan oksitalan, wasu siraran zaruruwa na cikin jijiyar gurbi da ba na kolajin ba, waɗanda Fullmer da Lillie suka bayyana a 1958, ba sa kama rini sai an fara jiƙa yankan da sinadari mai ƙona shi sannan a zuba aldihaid fuksin. Gwajin TRAP kuma yana rina ƙwayoyi masu cin ƙashi ja.

Mataki na 6: Karanta gilashi

A fara da ƙaramin girma a gano gindin haƙori, sannan a bi shi sannu a hankali zuwa baki. A haƙori mai tsiro kullum, tsawonsa tarihinsa ne: abin da ke gindi sabo ne, abin da ke kusa da dasashi ya yi makonni. Ke nan samfuri yana da shekaru iri biyu, na dabbar da na wurin da ake dubawa, kuma wanda bai rubuta duka biyun ba bayanansa ba za su kwatantu da na kowa ba.

Abu na farko da zai ba sabon ɗalibi mamaki shi ne wani farin fili tsakanin dentin da naman da ke kewaye. Wurin inamel ne da ya narke tare da kalsiyam, ba yagewa ba ce. Kusa da gindi, inda inamel bai gama nuna ba, za a ga saurarsa ta kama rini. A turmin dindindin a nemi siririn layin siminti a wajen wannan fili, domin a nan zare ke kamawa.

A gindi ƙwayoyi sun yi cunkoso, jijiyoyin jini suna da faɗi, zare kaɗan ne kuma yana kwance a tsawon haƙori. Da an ɗan haura sai a ga ƙwayoyi masu zuba siminti sun jeru a jikin haƙori, gajerun zaruruwa sun fara tsaye a kansa. A tsakiyar tsawon haƙori jijiya ta zama cikakkiya, kuma a haƙorin gaba tana rabuwa shiyya uku, kamar yadda Sloan ya nuna a zomo da madubin lantarki a 1978: shiyyar ƙashi mai damman zare masu kauri da manyan jijiyoyin jini a tsakaninsu, shiyyar siminti mai zare sirara a cunkushe, da ta tsakiya wadda zarenta ke shimfiɗe bisa tsawon haƙori. Wannan rabuwa ita ce amsar yadda haƙori ke tafiya alhali yana ɗaure. Binciken Beertsen a haƙoran gaba na ɓera ya nuna cewa ɓangaren da ke manne da haƙori yana tafiya tare da shi, ɓangaren ƙashi yana tsaye, kuma a tsakaninsu ake ta warware kolajin ana sake ɗaurawa. A can sama, daf da bakin gurbi, dole a tsinke zaruruwan da suka iso domin haƙori ya wuce cikin baki, don haka a duba wurin da kyau, a lura da yadda tantanin dasashi ya manne da haƙori ya toshe hanyar ƙwayoyin cuta.

Sai a koma ga bambancin kwanaki. A jariri ƙashin gurbi sabo ne, saƙarsa a hargitse, ramukansa manya, kuma turamen dindindin suna kwance cikin ɗakunansu da folikul kewaye da su. A makonnin da ke biye za a ga ƙwayoyi masu cin ƙashi, manya masu cibiya da yawa, sun jeru a rufin ɗakin, wasu irinsu kuma suna cin saiwar turmin nono da ke sama. A gindin saiwar turmin nono ne za a nemi kuben Hertwig a samfuran farko-farko. Bayan an fara cin abinci mai tauri, damman zare suna yin kauri, suna karkata daga ƙashi zuwa wajen gindin haƙori, bangon gurbi kuma yana cika da zaren Sharpey.

Kurakurai uku ne suka fi yawa. Yanka a karkace yana sa jijiya ta yi kama da mai faɗi fiye da gaskiyarta. Tsukewar nama cikin etanol tana buɗe tsaga a gefen siminti. Sannan zare mai lanƙwasa da aska ta ratsa yakan yi kama da wanda ya tsinke a tsakiya, abin da ya sa aka daɗe ana muhawara kan saƙar tsakiya da Sicher ya bayyana, wato inda ya ce zaren ƙashi da na siminti ke haɗuwa su sarƙe. Duk abin da bai bayyana a yanka uku ko huɗu a jere ba, kada a rubuta shi a matsayin sakamako.

Mataki na 7: Awo a gilashi da a dabba mai rai

A ɗauki hoto tare da gilashin ma'auni a girma ɗaya, a shigar da shi manhajar ImageJ, wadda kyauta ce. A auna faɗin jijiya a gindi da tsakiya da kusa da baki, kowane gefe dabam, domin gefen leɓe na haƙorin gaba, inda inamel ya fi kauri, bai yi daidai da gefen harshe ba. A rufe lambar samfuri yadda mai awo ba zai san kwanakin dabbar ba. A lissafi, dabba ɗaya ƙidaya ɗaya ce ko da an yi mata yanka 50, kuma 'ya'yan uwa ɗaya sun fi kama da juna, don haka a rarraba su cikin rukunai.

Saurin tsiro kuwa ana auna shi ne a zomon da aka yaye. Likita zai kwantar da shi da magani, a yi 'yar alama marar zurfi a kan inamel daf da dasashi, a riƙa auna nisanta daga dasashi duk bayan kwana 2 ko 3. Ness ya nuna a 1956 cewa idan aka gajarta haƙorin gaba na ƙasa har ya daina taɓa na sama, saurin fitowarsa yana ƙaruwa ƙwarai. Moxham da Berkovitz kuma a 1974 suka datse haƙorin zomo suka raba shi da gindinsa mai tsiro, amma guntun waje ya ci gaba da fitowa, abin da ya nuna cewa ƙarfin da ke fitar da shi yana cikin naman da ke kewaye da shi. Masana sun rabu kan ko jan ƙwayoyin saƙa ne ko matsin ruwa da jini a cikin naman, kuma ɗalibi ya kamata ya kawo ra'ayoyin biyu a rahotonsa.

Mataki na 8: Alaƙanta abin da aka gani da abinci da gado

Haƙorin da ke tsiro kullum da ƙashin da ke riƙe da shi suna cin kalsiyam ba ƙaƙƙautawa. Chapin da Smith sun gano a 1967 cewa kalsiyam kashi 0.22 cikin 100 na abinci ya isa zomo ya girma, amma ƙashinsa ba ya cika tauri sai an kai wajen kashi 0.4. Ma'ana dabba tana iya yin ƙiba a ido alhali gurbin haƙoranta yana da rauni. Likitar dabbobi Frances Harcourt-Brown ta Ingila ta danganta yawan ciwon haƙoran zomayen gida da wannan rashi, da rashin hasken rana, da ɗabi'ar zaɓen hatsi a bar sauran abinci. Alamarsa a hoton ƙashi ita ce dusashewar farin layin da ke zagaye gurbi, daga nan gindin haƙori ya fara turawa baya, a ji ƙulli-ƙulli a ƙasan muƙamuƙi, ko ido ya riƙa zubar da hawaye saboda an matse magudanarsa.

Wannan ya shafi masu kiwo a ƙasar Hausa kai tsaye, domin dusa, wadda ita ce abincin da ya fi sauƙin samu, tana da fosfaras da yawa da kalsiyam kaɗan. Harawar wake da ta gyaɗa suna cike wannan giɓi, kuma ciyawa mai tauri tana sa zomo ya yi niƙa gefe zuwa gefe, wanda shi ne ke cinye turame daidai da tsironsu. Kada kuma a wuce gona da iri wajen zuba garin ƙashi, saboda zomo yana tsotse kusan duk kalsiyam da ya ci ya fitar da rarar ta fitsari, yawansa yana jawo tsakuwa a mafitsara. Hantsin safe yana da amfani, matuƙar akwai inuwar da dabba za ta koma, don zafi yana kashe zomo da sauri.

A riƙa ɗaga leɓen kowane ɗa sau ɗaya a mako daga mako na 3. A lafiyayye haƙoran ƙasa suna sauka ne a bayan manyan na sama, a kan ƙananan nan biyu. Idan na ƙasa suka yi daidai da na sama ko suka wuce gabansu tun a wannan ƙuruciya, yawanci gado ne, ya fi kuma yawa a ƙananan jinsuna masu gajeren kai, kuma bai kamata a bar irin wannan zomo ya yi barbara ba. Haƙorin da ya yi tsawo ba a datse shi da abin yanke farce ko filaya, domin yana tsagewa bisa tsawonsa har cikin gurbi, ya yaga jijiya ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya zuwa ɓargo. Likita ne zai rage shi da injin gogar haƙori.

Ga ɗalibin da ya ga ƙashin gurbi siriri ko zare sako-sako fiye da na tsararrakinsa a samfurin da bai kai kwana 21 ba, wurin da zai fara bincika shi ne abincin uwar, tun daga lokacin ciki har shayarwa, saboda a wannan tsakani kusan duk kalsiyam da ɗan ya samu ta mahaifa da nono ya zo masa. A rubuta nau'in abincin, da yawan da ake ba ta a rana, da abin da take bari a kwano, a haɗa su da takardar samfurin tun ranar da aka karɓe shi.